Imani ne ko taurin kai? Labarin ɗan mishan da guguwar Mozambik

Direban_Tanka:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya amma don Allah kar a mayar min da ita faɗan addini, admin ka sa ido. Kun san sana'ata ruwa nake ja da tanka nan Bor Sudan, tun da madatsar Arba'at da ke ba garin ruwa ta fashe a Agustan 2024 ba mu huta ba. To akwai wani ƙaramin asibiti da nake kai wa ruwa sau biyu a sati, a nan na haɗu da wani dattijo ɗan Najeriya ma'aikacin jinya, Kirista ne, Hausarsa irin ta Jos wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ji ina yi wa yaron mota masifa da Hausa sai ya saki baki yana kallona, tun daga ranar muka saba. Shekaranjiya muna shan jabana, gahawarmu ta nan, hadari ya haɗu ta wajen teku, kun san mu ruwanmu na hunturu ne, nace Baba bari in gudu kafin iska ta taso, sai yayi dariya yace ɗana wannan ai ba iska bace.

Ashe shekara goma sha ɗaya yayi a Mozambik yana aikin mishan kusa da Beira, da matarsa da yara uku. Daren 14 ga Maris 2019 guguwar Idai ta same su a can. Yace an yi ta sanarwa a rediyo kwanaki kafin nan, yana da mota, zai iya kwashe iyalinsa ya yi cikin ƙasa amma yaƙi, wai akwai marasa lafiya kwance kuma mutanen cocinsa ba su da inda za su. Tsakar dare kwanon ɗaki ya tashi gaba ɗaya kamar an buɗe murfin tukunya, suka shige banɗaki don shi kaɗai ne na siminti, suka kifa wa yaran katifa a kai, matar tana ta rera musu waƙar coci da Hausa don kar su ji ƙarar. Can sai komai yayi tsit, ya leƙo har taurari ya gani, ya ɗauka an gama, bai koma ciki da kyau ba iskar ta dawo ta ɗaya gefen. Bayan kwana biyu kuma ruwan kogi ya iso, kwana huɗu suka yi a saman gini suna tarar ruwan sama a roba. Nace Baba me ya hana ka tafiya, yace inda Ubangiji ya ajiye ni nan zan tsaya. Amma da bakinsa ya gaya min autarsa har yau in kwano yayi ƙara ƙarƙashin gado take shiga.

To ni abin ya tsaya min a rai. Wannan imani ne ko taurin kai? Shi dai ya zaɓa, yaran fa?

Ummu_Sajida_Kasala:
Taurin kai ne wlh. Kai ka zauna in kana so, amma ka ɗora uwar da yaran a mota tukuna. Mu da kogin Gash ya shigo mana a 2003 babanmu kafin ya ɗau ko tabarma mu ya fara kaiwa kan tudu, sannan ya koma taya maƙwabta.

Abu_Hamza_Gadarif:
Ya zol kai ma da sauƙin kai. Waɗannan mutanen ba don Allah suke zama ba, akwai ƙungiya a bayansu, albashi da dala, makarantar yara kyauta, in abu ya ɓaci jirgi ya zo ya ɗauke su. Labarin guguwar ma shi za su rubuta a aika Turai a tara musu kuɗi. Kuma ka yi hattara, da jabana ake farawa.

Direban_Tanka:
Abu Hamza mutumin da takalminsa ɗaya tun da na san shi. Kuma wata takwas muna tare bai taɓa ce min zo coci ba, in lokacin salla yayi ma shi yake nuna min inda famfo yake.

Malam_Na_Maiwurno:
Bari in fara da gyara wa ɗana direba wani abu, shirun nan da taurarin da ya gani ba ƙarin gishiri bane. Irin wannan guguwar juyawa take kamar dutsen niƙa, tsakiyarta akwai fili da ake kira idonta, can ba iska ba hadari, in ya ratsa ta kanka sai ka ɗauka an gama, to bangon da ke kewaye da idon nan ne mafi ƙarfi, kuma da yake juyi take in ɗaya ɓangaren ya iso sai iskar ta zo ta inda ba ka tokare ba. Mutane da yawa a wannan shirun suke fitowa su halaka. A kan teku mai ɗumi take haihuwa, sai ruwan ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, tururin da ke tashi shi ne abincinta, shi yasa in ta hau tudu take mutuwa a hankali amma ta bar ruwa. Idai sama da mutum dubu ta kashe tsakanin Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, kuma ambaliyar kogunan Buzi da Pungwe ta yi ɓarnar da ta kai ta iskar, ga kwalara ta biyo baya.

Zol_Damazin:
Malam to mu habub ɗinmu fa, ba ita bace?

Malam_Na_Maiwurno:
A'a ɗana. Habub iska ce da hadari ke turowa ƙasa ta kwashi ƙura ta taho kamar katanga, awa ɗaya biyu uku ta wuce, ka share ɗaki ka wanke ido khalas. Waccan faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, kwanaki take yi tana tafiya a teku. Bahar Maliya ya yi mata ƙunci ga busasshiyar iskar hamada ta ko'ina, shi yasa ba mu san ta ba.

Takari_Jidda:
Mu nan ma ba ta zuwa amma maƙwabta suna sha. Oman ta sha Gonu a 2007, Mekunu ta daki Salala a 2018, ina da abokin aiki da yake can lokacin yace ruwan da aka saba samu a shekara da ninki ya sauka cikin kwana biyu uku. Mu kuma Jidda ruwan sama kawai ya ishe mu, Nuwamba 2009 ana cikin aikin Hajji sama da mutum ɗari suka tafi, motoci a kan juna kamar an zubar da gwangwani. Ni a saman motar ƙanin maigidana na yi rabin yini ina karanta duk abin da na haddace, har wanda na manta ya dawo. Don haka zancen mutum ya tuna Ubangijinsa cikin ruwa ba na Kirista bane kaɗai, Alƙur'ani ma ya ba da misalin mutanen jirgi da in igiyar ruwa ta rufe su suke kiran Allah shi kaɗai, in sun taka tudu su manta.

Bitrus_Umdurman:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, Bahaushe, iyayena daga wajen Zariya, na daɗe a group ɗin nan ina karatu ban cika magana ba amma yau dole. Yaya Abu Hamza abin da ka faɗa akwai gaskiya a ciki amma rabi ne. Akwai Bature da ke da inshora da tikitin komawa, akwai kuma mai bishara ɗan Afirka wanda ikilisiyar ƙauye ce ke tara masa kuɗi a faranti ran Lahadi, wata uku kan wuce bai ga ko sisi ba. Cocin ECWA tana da sashen aika masu bishara tun 1948 kuma yawancinsu manoma ne da malaman makaranta, kawuna yana cikinsu, da keke yayi aikinsa har ya mutu, abin da ya bari akwatin ƙarfe ne da littattafai. Wannan dattijon na Bor Sudan daga jin labarinsa irin su ne.

Game da tambayar kuma, mu ma a cikinmu ana wannan gardamar. A Ayyukan Manzanni sura 27 Bulus yana cikin jirgin ruwa da mutum 276, guguwa ta yi ta wasa da su dare goma sha huɗu kafin jirgin ya farfashe a tsibirin Malta. Ya ce musu ba wanda zai mutu, amma duk da haka sai da aka zubar da kaya a teku, ya sa su cin abinci, kuma da matuƙan suka so sulalewa a ƙaramin kwalekwale ya ce in waɗannan ba su zauna ba ba za ku tsira ba. Wato bangaskiya ba ta hana dabara. Ni da ni ne, matar da yaran zan tura, ni in zauna. Amma ban san me matar ta ce ba, sau da yawa su ne ke ƙin tafiya.

Ummu_Sajida_Kasala:
Yauwa Bitrus ka zo inda nake. Ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, haka aka koya mana.

Abu_Hamza_Gadarif:
Bitrus ba da kai nake ba, kai ɗan gida ne. Amma tarihi fa ba ya ƙarya, tare da Turawan mulki suka shigo. Ko sunan Sudan ma sun saka a ƙungiyoyinsu tun kafin a haifi kakanninmu.

Malam_Na_Maiwurno:
Nan ma sai na sa baki. Sudan ɗin da ke cikin sunan Sudan Interior Mission ba wannan ƙasar tamu ake nufi ba, Biladus Sudan ne na littattafan Larabawa, tun daga Senegal har bakin Habasha, ƙasar Hausa tana tsakiya. Samari uku ne suka sauka Legas a ƙarshen 1893, Gowans da Kent da Bingham, niyyarsu su kai ƙasar Hausa, ba wanda ya kai shekara talatin. A 1894 zazzaɓi ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma Kanada da ciwo, sai a 1902 suka samu kafa tasha a Patigi. Lokacin da biyun suka mutu Bature bai ci Kano ba bai ci Sakkwato ba, ba jirgin da zai ɗauke su. A 1900 ma da wasu na cocin Ingila suka isa Kano, cikinsu har da Likita Mila, Sarki Alu korarsu yayi. Ba wai ina wanke su bane Abu Hamza, daga baya sun ci moriyar mulkin mallaka sosai, nan Sudan Ingilishi ya raba musu Kudu yanki yanki kamar gona ya hana su wa'azi a Arewa. Amma cewa duk don kuɗi ne, kaburbura ba su yarda da kai ba. Komboni, ɗan mishan ɗin Italiya da muke kai yaranmu makarantar da ke da sunansa, a Khartum ya mutu 1881 yana da shekara hamsin, kuma tun zuwansa na farko abokan tafiyarsa suka fara mutuwa a gabansa.

Sannan ku da kuke cewa yaran fa yaran fa, ku 'ya'yan waye? Bayan an yi yaƙin Burmi da Turawa a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, kakanninmu da suka biyo ɗansa Mai Wurno zuwa gabas a ƙafa suka taho, da goyo da tsofaffi da masu ciki. Kakata tana cewa uwarta ta binne 'ya'ya biyu a hanya, ɗaya ko sunan garin ba ta riƙe ba. Wa ya tambayi yaran? Mu muna kiran wannan hijira muna alfahari, kuma ya cancanta. To in wani ya yi irinsa don abin da shi ya gaskata sai mu ce taurin kai?

Ummu_Sajida_Kasala:
Baba Malam da girmanka amma ba ɗaya bane. Su gudu suka yi daga abin da ya zo musu, shi kuwa an ce masa ga abu nan tafe ga mota a ƙofa.

Malam_Na_Maiwurno:
'Yata da yawansu ba wanda ya kore su, da sun zauna sun yi noma a garuruwansu kamar sauran. Zaɓa suka yi.

Hajiya_Ishash:
Ni ban iya dogon rubutu ba jikata ke buga min. Ruwan 1988 ina unguwar Ishash a Khartum da yara biyar, daren Alhamis 4 ga Agusta aka fara, kafin gari ya waye gidajen jalus, wato na laka, sun narke kamar sukari a shayi, an ce sama da mutum miliyan suka rasa matsuguni a Khartum. A kan angarib, gadon igiya, guda biyu muka kwana tsaye da yara a kafaɗa, tukwanena suna yawo a tsakar gida. Kwana na uku wasu sistoci suka zo da mota, ɗaya farar tsohuwa ta tattare rigarta zuwa gwiwa tana tafiya cikin caɓi da takalmin roba, ta duba idon ɗana da ke gudawa ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari da hannunta, ta bar mana bargo biyu. Ba ta tambaye ni addinina ba, ga carbi a wuyana. Amma kuma a wani wurin rabon, maƙwabciyata ta dawo tana kuka wai an ce sai yaranta sun zauna an koya musu waƙa kafin a ba su madara. Duka biyun da idona da kunnena. Shi yasa in an ce 'yan mishan ni sai in ce wanne daga ciki.

Zol_Damazin:
Allah ya ƙara lafiya Inna. 2020 ma ai Nilu ya wuce na 88 ɗin da na 1946, amma mu ba mu ga kowa ba sai nafir, wato gayya, na samarin unguwa da buhunan ƙasa.

Bitrus_Umdurman:
Inna abin da aka yi wa maƙwabciyarki kuskure ne kuma abin kunya ne, mai yunwa ba a yi masa ciniki. Zol ka taɓo wani abu. A Fabrairun 1964 gwamnatin Janar Abbud ta nan Sudan ta kori 'yan mishan na waje kusan ɗari uku daga Kudu, aka ɗauka coci ta mutu, sai ga shi ta fi yaɗuwa a hannun 'yan ƙasa da ba wanda ya san sunansu. Kullum labarin baƙo ake bayarwa saboda shi yana da hanyar fita. Mutanen da suka hau saman ginin nan tare da dattijon, su ba wanda zai tambaya ko imaninsu ne ya zaunar da su.

Takari_Jidda:
Wannan haka yake. Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan ina tashar jirgin ruwa nan Jidda ina kallon waɗanda aka kwaso daga Bor Sudan, kowa da fasfo mai ƙarfi aka fara da shi, ana ba su fure. Yayata tana Madani lokacin ko kuɗin mota babu.

Abu_Hamza_Gadarif:
To kun gani, maganata ta fito. Jirgi ya zo sun tafi.

Bitrus_Umdurman:
Ba duka ba yaya. Akwai sistoci a unguwar Shajara ta Khartum da suka zauna sama da shekara cikin ruwan harsashi da mata da yaran unguwa a gidansu, har bom ya faɗa wa ginin. Ga likitan nan Ba'amurke Tom Catena a Gidel cikin duwatsun Nuba tun 2008, da aka fara jefa bom a 2011 an ce ya fita yaƙi.

Abu_Hamza_Gadarif:
Su lokacin ba su da yara ai. Mu koma kan tambayar direba. Kuma masu takiyya, wato masu dafa abincin sadaka, da suka ciyar da unguwanni a yaƙin nan da tukunyar adas ɗaya, wasu an kashe su a bakin murhu, su waye suka rubuta labarinsu?

Admin_Sinnar:
Jama'a ana tafiya daidai, na goge saƙo biyu na zagi, mai su ya san kansa. A ci gaba amma banda kafirta juna.

Bint_Madani:
Ni ta wajen yaran zan yi magana don na ɗanɗana irinsa. Babana malamin allo ne mai yawon da'awa, kowace shekara biyu sabon ƙauye, mun zauna wajen Damazin inda in kharif, wato damina, ya kama hanya take rufewa wata huɗu, ba mota ba likita, laka har gwiwa. Ƙanena zazzaɓi ya kama shi cikin irin wannan ruwan, a kan jaki aka ɗauke shi bai kai ba. Mutanen ƙauyen har yau in na je sai sun yanka min kaza saboda babana, masallacin da ya gina da hannunsa yana nan. Ina alfahari da shi kuma ina jin haushinsa, duka a zuciya ɗaya, shekara ashirin ban iya raba su ba. In kun samu autar dattijon nan ku tambaye ta, ina jin abin da za ta ce kenan.

Ummu_Sajida_Kasala:
Allah ya jiƙansa ya sa mai ceto ne. Kin sa ni hawaye wlh.

Direban_Tanka:
Yau na kai musu ruwa na karanta masa wasu daga cikin maganganunku, na tsallake na Abu Hamza na farko kam. Bitrus ka canka, yace har ya zuba mai a mota ya ce matar ta tafi da yara, ta zauna a kan buhun masara tace in ka ga na tashi daga nan to tare ne. Na karanta masa na Bint Madani sai yayi shiru ya daɗe yana juya finjali, yace 'yarsa ta fari tana jami'a yanzu kuma ta gaya masa ita ba za ta auri mai bishara ba ko shi kaɗai ya rage. Nace to da za a sake za ka zauna? Yace zai zauna, amma wannan karon ko da ɗaukarta zai yi sai ya saka matar a mota, kuma zai ɗaure kwanon da waya tun da wuri ya ajiye jarkoki a sama, wai abin da ya fi cinsa a saman ginin nan ƙishirwa ce ga ruwa ko'ina ba na sha.

Zol_Damazin:
Hhhh ashe shi yasa yake son mai tanka.

Abu_Hamza_Gadarif:
Ni dai ban sauka daga kan maganata ba, amma ka gaishe shi. Ka tambaye shi kuma wa ya biya kuɗin sabon kwanon.

Malam_Na_Maiwurno:
Tambaya ce mai kyau, a tambaye shi. Ni kuma a tambayar min shi ko waƙar da matar ta rera tana cikin tsohon littafin waƙoƙin nan na Hausa, akwai wani maƙwabcinmu a Sinnar da yake da shi duk ya yage.

Direban_Tanka:
Sai Alhamis in Allah ya kai mu. Yanzu kam an fara yayyafi kuma kahraba, wato wuta, ta tafi, cajin wayata saura 6, ga tanka a waje ban rufe murfin ba.